An Ci Alkamar Bistra

Dolni Brest, watan Maris

Bistra 'yar yayata,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a Italiya. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta ƙi ni tun Kirsimeti, kunne kuwa kin san shi, shekara talatin a gaban injin saƙa ba ta bar min komai ba sai shuu. Don haka ki daina cewa in sayi waya. In riƙe ta in yi me da ita, in kalle ta? Ki rubuto kawai, tabarau na nan.

Shamuwa ta dawo kan bututun hayaƙin masaƙa, na kwance zarena ja da fari daga hannu na ɗaura wa itacen tuffa, kamar yadda muke yi in sanyi ya wuce. Sanyin bana ya ɗauke mana Doncho mai gyaran keke da Stanka ta sashen rini. Takardun rasuwarsu na nan a ƙofar masaƙa, kusa da ta uwarki. Tata na sabunta ta ranar da ta cika shekara uku, da hoton nan mai ɗankwali, na sa sunanki a ƙasa cikin masu kewarta kamar kullum. Ƙofar ta cika maƙil, fuska kan fuska, har ba a ganin ƙarfen. Masaƙa ta mutu sama da shekara ashirin, amma duk wanda ya taɓa aiki a cikinta can ake liƙa shi, mu kuma da muka rage kowace safiya sai mun tsaya mun duba. Petko maƙwabcina ya ce dubawa muke mu ga wa aka ɗauka aiki yau.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. An kunna fitila a masaƙa. Wani kamfanin mutanen Holan ya kama ɗakin saƙa na sama, an share kashin tantabaru, an jera tebura da kwamfutoci. Aikinsu riƙe lissafin wasu shagunan Italiya ne da amsa wa masu sayayya. Yanzu matasa ne daga birnin Vidin ake kawowa a mota, suna shiga ta ƙofar baya, amma an ce baɗi za a ninka su, kuma abin da suka rasa shi ne masu jin Italiyanci. Za su koya wa mutum kwamfuta da rasit da rubuta wa abokin ciniki wasiƙa har wata uku, suna biyansa yana koyo. Albashin da kuɗinmu leva ne, ba zai kai naki na can ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma a gadonki za ki kwana, Asabar da Lahadi naki ne, kuma ba wanda zai tashe ki ki canja masa zanen gado.

Petko ya ce min, “Nevena, ki nema mana. Aikin amsa waya ne, ke ya dace da shi.”

Na ce, “Kai ma ka nema. Na ji suna neman mai gadi, kuma har yanzu kujerar da ka yi shekara ashirin kana barci a kai tana nan.”

Velika kuma, kin san bakinta, ta matso daf da fuskata don in karanta leɓenta. Ta ce, “Duk masu jin Italiyancin suna can suna wanke wa tsofaffin Italiya baya. Wa zai dawo?”

Na ce, “Tawa za ta dawo.”

Ta ce, “Wadda ba ta zo binne uwarta ba?”

Na yi kamar ban gane ba. Kurumta ma tana da amfaninta.

Bistra, shekara goma sha ɗaya ta isa. Ba ni da kowa sai ke, kuma ina kewarki, na faɗa. Ki dawo ki nemi aikin nan.

Lelyarki, ƙanwar uwarki,
Nevena


Modena, watan Afrilu

Lelya Nevena,

Wasiƙarki ta iso, na ji daɗi da kina nan da bakinki. Ki riƙa shafa wa gwiwar man da na aiko, ba na ado ba ne. Tsohuwata tana nan, ta shiga casa'in da ɗaya. Ta daina kirana Bistra, Anna take ce min, sunan ƙanwarta da ta rasu tun suna yara. Da farko ina gyara mata, yanzu amsawa nake. Ni kuma ƙirjina ne ke damuna tun Fabrairu, wani nauyi a ƙarƙashin ƙashi, likita ya ce in koma a yi min hoto. Kada ki ɗaga hankalinki.

Na karanta maganar masaƙa sau uku. Lelya, ni da shekara arba'in da shida zan koma aji in zauna da sa'o'in 'ya'yana, da ina da su? Italiyancina na kicin ne da asibiti. Na iya cewa buɗe baki, ɗaga ƙafa, haɗiye. Ban iya cewa mun karɓi odarku muna godiya ba. Yatsuna sun saba da soso, in na taɓa kwamfutar ɗan tsohuwa harafi biyu nake dannawa a lokaci guda. Da ina makaranta na iya lissafi, amma wannan yarinyar ban san inda take ba yanzu.

Kuma akwai abin da ba ki faɗa ba. Ko ta ƙofar baya zan shiga, sai na wuce ta gaba. Kowace safiya Mama za ta kalle ni da ɗankwalin nan. Ki gaya wa Velika saƙonta ya iso, kuma gaskiyarta ne. Mijin tsohuwa yana kan gargara a lokacin, aka ce in na tafi kada in dawo, na zaɓi aiki. Ba wanda ya ɗaure ni. Har yau in na dafa wake da na'ana'a irin nata, sai in kasa ci.

Duk da haka na gaji, Lelya, gajiyar da barci ba ya cirewa. Akwai abin da nake shiryawa, ba zan faɗa ba sai ya tabbata, don ba na son ki yi murna a banza ko ki yi kuka a banza. Abin da na sani kawai, zafin bana shi ne na ƙarshe da zan yi a gidan nan. Na fara tattara kayana a hankali.

Ki gaishe da Petko. Ki ce masa in ya samu aikin gadin, zan aiko masa da matashin kai.

Taki,
Bistra


Dolni Brest, watan Mayu

Bistra,

Ina fatan wannan ta same ki a tsaye. Gwiwa ta yi sauƙi, manki ne ko rana ce, ban sani ba. Kin rubuta min ciwon ƙirji a layi ɗaya kamar mai ba da labarin ruwan sama, sannan kin ce kada in ɗaga hankalina. Haka uwarki ta yi, ta ce ɗan nauyi ne. Ki rubuto min abin da hoton ya nuna, kalma da kalma.

Na hau saman masaƙa. Sun yi ranar da kowa zai iya shiga ya gani, na sa rigar coci na ja ƙafata a matakalar nan da na sani ko da ido a rufe. Shugabar koyarwarsu, wata doguwar Baholandiya mai gajeren gashi, ta miƙa min takarda mai launi, na karɓa don kunya.

Bistra, ban ji daɗin abin da na gani ba, kuma ba don ba kyau ba. An yi fenti, akwai furanni a tukwane. Amma ba su canja daɓen ba. Ramukan ƙusoshin injuna suna nan, da tabon baƙin mai, kuma teburan a kan layukan injunan aka jera su daidai, don can ne wutar take. Yaran suna zaune, kowa da abin magana a kai, bakinsu na motsi. Ni ba na jin komai. Haka ɗakin yake a wurina tun da can: layi-layi na mata, baki na motsi ba murya, don ƙara ba ta barin mu ji juna. Sai na ga kamar ban taɓa fita daga ciki ba.

A layi na uku, wajen taga, inda uwarki take tsayawa, wata yarinya ce. Ta ɗaga hannu ta mayar da gashinta bayan kunne da bayan yatsa, yadda uwarki Radka ke yi don kada ta shafa mai. Na tsaya ina jira ta juyo. Da ta juyo, yarinya ce kawai mai ɗankunne a hanci, ta yi min murmushi. Na sauko ban jira kofinsu ba.

Ban janye maganata ba. Aikin na zaune ne, ɗakin da ɗumi, kuma na ga wata da ta kai shekarunki tana danna kwamfuta da yatsa biyu, ba wanda ya yi mata dariya. Ki rubuto da wuri.

Nevena


Dolni Brest, watan Yuni

Bistra,

Ban san wanda zai buɗe wannan ba. Adireshin nan kaɗai nake da shi, kuma ban iya yarensu ba, don haka ke zan rubuta wa kamar yadda na saba. Ban san yadda ake gaishe ki yanzu ba. Lafiyata ba abin tambaya ba ce.

Na jira amsarki har na fara zagin mai kawo wasiƙa. Ranar Talata direban motar kayan Italiya ya sauke min kwali biyu a tsakar gida. Rigar sanyinki, takalmanki, hoton Budurwa Maryamu da kika tafi da shi, hoton uwarki. Ba wasiƙa. Na riƙe hannun direban na tambaye shi, ya ce wani Ba'italiye ne ya kawo, ya biya, bai ce komai ba.

Ranar Asabar da safe Velika ta shigo ba ta ƙwanƙwasa ba. Ba ta buɗe baki ba, Velika fa. Ta kama hannuna ta ja ni har ƙofar masaƙa. Mutane na tsaye, suka dare. Petko ya cire hula. Ga ki nan. Farar takarda, baƙin layi kewaye, hotonki baƙi da fari, sunanki da haruffan Turawa, kwanan wata a ƙasa, da wasu kalmomi nasu. A gefen uwarki aka liƙa ki, kafaɗarki a kan tata. Kin yi murmushin da ban sani ba, kin rage gashi.

Velika ta kira 'yarta a Bologna, can Italiya, ita kuma ta yi ta kiran wayarki, a kashe. Matan garinmu da ke can duk sun gwada, a kashe. Kowa ya ce haka suke yi: kaya da takarda su riga zuwa, gawa sai an gama cike-cike.

Na rufe madubi. Na ɗaura baƙin ƙyalle a ƙofa. Na dafa alkamar sadakar mamaci da sukari da gyaɗar bishiya a babbar tukunyar uwarki, Fada ya zo daga ƙauyen gaba ya yi miki addu'a. Ina so ki san an zo. Ban zaci akwai sauran mutane haka a garin nan ba. Matan sashen saƙa duka, har Tsona da ake turawa a keke. Malamarki ta lissafi ta zo da sanda, ta ce a shekarunta na koyarwa ba ta ga kai irin naki ba, kuma ƙasar nan ta yi asara tun ranar da kika hau mota, ba yau ba. Yavor ɗan Doncho, wanda kika ƙi, ya kawo furanni biyu ya tsaya a tsakar gida, ya ƙi shiga ya ƙi tafiya. Velika ce ta raba alkamar. Ta ce min, “Bakina ne, Nevena. Da na san ba ta da lafiya da na haɗiye shi.” Kowa ya ci, ya ce Allah ya gafarta mata.

Na sake karanta wasiƙarki ta Afrilu. Ashe kin sani. Kin ce zafin ƙarshe, kin ce kina tattara kaya, ni kuma ina ta yi miki surutun kwamfuta da albashi.

Wurin da ke gefen kabarin uwarki, wanda na ajiye wa kaina, na bar miki. Petko ya nome ciyawar.

Kai mai karanta wannan, ko wane ne kai, ka nemo mai jin yarenmu ya fassara maka. Sunanta Bistra, ba Anna ba. Kada ku ƙone ta. Ku aiko min da ita gida, akwai wurinta.

Nevena


Modena, watan Yuli

Lelya,

Ni ce, da hannuna. Lafiyata ƙalau. Na san 'yar Velika ta riga ta kira, amma na san ki, ba za ki yarda ba sai kin ga rubutuna. Ga shi, mummuna kamar kullum.

Ƙirjin ba komai ba ne, ciki ne ke tura tsami sama, an ba ni ƙwaya. Tun ƙarshen Mayu ɗan tsohuwa ya kwashe mu zuwa gidansu na kan dutse saboda zafi, can kuwa waya ba ta kamawa ko ka hau rufi. Shekaranjiya muka sauko. Na kunna waya ta yi ta rawa a hannuna, mata suna kuka a cikin saƙo, wata tana tambayar wa zai karɓi aikina. Sannan na tarar da wasiƙunki biyu a ƙasan ƙofa.

Ga abin da na ɓoye miki. Na nemi aikin tun Afrilu. Sun yi min tambayoyi ta kwamfuta, Baholandiyar nan da wani, na yi gumi har bayana. Suka ce Italiyancin da ya iya lallashin tsohuwa ta sha magani zai iya lallashin wanda kujerarsa ta iso a karye. Sun ɗauke ni, koyo zai fara watan Satumba. Da yake ni ce ta farko da za ta dawo daga waje, suka roƙi hotona don su jawo sauran mata, na ce to, na zaci a intanet za su sa. Rubutun da ke jikin takardar da suka liƙa a ƙofar barka da dawowa yake cewa. Kwanan watan ranar da aka ɗauke ni ce. Kwalayen ni na aiko, da wasiƙa mai bayanin komai, ɗan tsohuwa ya manta ta a motarsa, jiya ya miƙo min yana ba da haƙuri.

Da farko dariya na yi, har tsohuwa ta taya ni ba ta san dalili ba. Sai na zauna a kicin na sake karanta wasiƙarki ta biyu, dariyar ta tafi. Na karanta wanda ya zo da wanda ya tsaya a tsakar gida. Na ji ƙamshin alkamar. Da na shiga wanka na tarar ina kauce wa madubi.

Kuma raina ya ɓaci, Lelya. Garin mutane guda, ba wanda ya karanta abin da aka rubuta? Ba wanda ya hau bene ya tambaya? Kun ga fuskata a ƙofa kawai kuka ɗora tukunya. Kamar dama jira kuke.

Ki yafe min ɓoyewar, ni na jawo. Ki je ki yage takardar nan, ki cire ƙyallen, ki buɗe madubi. Ina zuwa ƙarshen Agusta.

Bistra, mai rai


Dolni Brest, watan Agusta

Bistra,

Na ga rubutunki, na shafa shi da yatsa. Na gode wa Allah da ƙirjin. Ni lafiya, ana gasa tattasai ko'ina, garin duk hayaƙi.

Velika ce ta kawo labarin, da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta girgiza ni tana cewa, “Tana nan, shegiyar, tana nan da ranta. Ta ci mana alkama a banza.” Sai ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Kin tambaya me ya sa ba mu karanta ba. Wa ke karanta rubutun ƙofa, Bistra? Kalmomin iri ɗaya ne tun ina yarinya. Fuska muke dubawa da kwanan wata. Kuma a rayuwata ban taɓa ganin an liƙa mai rai a wurin ba, to me zan hau bene in tambaya?

Baholandiyar ta zo gida da mai fassara. Ta ce ta ga kowace safiya mutane na taruwa a ƙofar suna kallo, ta zaci allon girmama tsofaffin ma'aikata ne, ta ce bari ta sa sabuwa a cikinsu. Injin bugunsu kuma launi ya ƙare masa. Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta kawo min furanni na ban haƙuri, guda huɗu, irin ƙirgen da ake kai wa kabari. Na zare ɗaya su zama uku, ƙirgen masu rai, na ba mai fassarar, na ce ya gaya mata ta daina taimako.

Muka je ƙofar tare. Ta sa farce ta fara ɓare kusurwa. Gam ɗinsu mai kyau ne, ba irin namu na fulawa ba. Takardarki ta taso da ta uwarki, na ga kuncin Radka ya fara tsagewa. Na buge mata hannu. Ba za a cire ki ba sai an yage ta, mu kuwa ba ma yage su, ruwan sama ke ɗauka. Kuna nan ku biyu.

Yanzu ki karanta a hankali. Kada ki zo.

Na san ni na roƙa. Amma an ci alkamarki, an ce Allah ya gafarta miki, Fada ya kira sunanki cikin matattu. Ya ce ba komai, zai yi wata addu'ar ta lafiya. Tsona ta ce wanda aka ci alkamarsa ba ya ganin shamuwa ta gaba. Na ce mata camfi ne. Na faɗa da ƙarfi, na dawo gida na kasa buɗe madubin. Har yau a rufe yake.

Ga kuma wanda ya fi, ban gaya wa kowa ba. A kwanakin nan da kike mace, barci na yi, Bistra, mai nauyi, irin wanda na manta da shi. Shekara goma sha ɗaya ban san ɗakin da kike kwana ba, ban san wa ke ɗaga miki murya ba. Sai ga shi na san inda za ki kwanta, na san zan iya zuwa kowace Asabar in zuba miki ruwa in yi miki surutu, ba mai sake ɗauke ki. Na yi kuka, amma a ƙarƙashin kukan raina ya yi sanyi. Kin ce kamar jira muke. Gaskiya kika faɗa. Garin nan mun iya karɓar mutum in ya dawo a akwati, mun san abin da za mu dafa da inda za mu tsaya. Mai dawowa da ƙafarsa ba mu taɓa yi ba.

Da safe ina tsayawa a ƙofar in gaishe ku ku biyu, sai na juya nake tuna ɗaya na da rai. Ina tsoron ki sauko daga mota in kalle ki da idon nan. Ki zauna can inda kike da rai sosai. Aiki za su samu wata.

Nevena


Modena, ƙarshen Agusta

Lelya Nevena,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, ina cin abinci, har na ƙara ƙiba. Tsohuwa ta samu wata 'yar Moldova, na koya mata yadda ake ɗaga ta da irin miyar da take so. Na yi mata sallama jiya, ta shafa kaina ta ce in gaishe da mamarmu.

Na karanta, a hankali kamar yadda kika ce. Ban ji haushin barcinki ba. Ni ma da zan san inda kike kowace rana, da na yi irinsa.

Kin ce in zauna inda nake da rai. Lelya, da a gidan nan na mutu da gaske, da kafin yamma an canja zanen gadona an kira wata. Ba mai dafa komai. Ku kuwa kun fito da Tsona a keke. Na yi fushi da kuka binne ni, amma tun ranar nake tunani, ashe akwai garin da zai iya. Ban sani ba sai da kika rubuto.

Ki bar takardar. Ban tsaya kusa da Mama ranar da ya kamata ba, bari in tsaya yanzu har ruwa ya sauke mu tare. Zan wuce ta gabanta ranar Litinin da jaka da biro, in hau bene in koyi rasit da yatsa biyu. Tsoro nake ji, na ƙofar da na ajin, ban san wanda ya fi ba. In maganar Tsona gaskiya ce, gara ta same ni a nan kusa. In ƙarya ce, duk wanda ya ci alkamata sai ya ba ni kofi a gidansa, Velika ce ta farko, kuma da banitsa, gurasar nan mai cuku.

Wurin gefen Mama ki karɓi abinki. Ban zo jana'izarta ba, ban zo tawa ba, taki ba za ta wuce ni ba. Amma kada ki yi sauri.

Wannan wasiƙar direban motar kaya zai kawo miki hannu da hannu, ni ina motar da ke bayan tasa, ranar Juma'a da rana. Ki zo tasha. Kada ki kawo furanni, kada ki kawo kowa. In na sauko kika ja da baya, ba zan ji ciwo ba. Zan ajiye jakata in tsaya a wurin, har ki matso ki taɓa ni.

Bistra